Yadda za ka gane ko JVM na cusa fankshin ɗinka a wurin kira

Masu koyon Java a nan Kaduna, musamman ƴan Kadpoly da KASU, akwai wata al'ada da ta yi yawa, mutum ya tara komai cikin fankshin ɗaya mai uban tsawo wai don kiran fankshin na cin lokaci. Eh yana ci, sai an ajiye bayanai, a tsallaka can, a dawo. Amma injin da ke gudanar da Java, wato JVM, ya daɗe da sanin maganin wannan, kwafo cikin ƙaramin fankshin yake ya cusa shi daidai inda aka kira shi, kamar uwar gida da ta gaji da aiken yaro shago kan magi ɗai-ɗai ta sayo kwali ta ajiye a kicin. Kai kuma mai tara komai wuri ɗaya, in fankshin ya wuce bait 8000 na baitkod (umarnin da JVM ke karantawa), HotSpot, wato JVM ɗin da aka fi amfani da shi, ba zai ma harhaɗa shi zuwa yaren na'ura ba, haka zai yi ta rarrafe.

Fara da sanin wa ke yin aikin kuma yaushe. javac, mai harhaɗa kod ɗin Java, ba ya cusa fankshin, shi dai ya mayar da kod ɗinka baitkod shikenan. Sai manhaja ta fara gudu HotSpot ke ƙirga wanda ake yawan kira, C1, mai harhaɗawa na farko a cikin HotSpot, ya harhaɗa shi sama-sama, in ya yi zafi sosai C2, na biyun, ya karɓa ya gyara shi da kyau. Shi ya sa in ka gwada kod sau ɗaya ka duba agogo ba ka auna komai ba, injin ko ɗumi bai yi ba. JMH, kayan auna saurin kod ɗin Java, ake awo da shi.

Don ka gani da idonka, buga wannan (a wurin Main sa sunan ajin da manhajarka ke farawa da shi):

java -XX:+UnlockDiagnosticVMOptions -XX:+PrintCompilation -XX:+PrintInlining Main > log.txt

Tura shi fayil ɗin nan dole ne, rubutun yawa gare shi wallahi. Buɗe ka nemi sunan fankshin ɗinka. In ka ga inline (hot) an cusa shi. In ka ga too big ko hot method too big to girma ne ya hana. Iyakar ita ce bait 35 ga wanda ba a cika kira ba, 325 ga mai zafi, kuma baitkod ake nufi ba layin da ka rubuta ba, javap -c zai nuna maka. Gyaran ba wuya, ɓangaren da ba kasafai ake shiga ba irin su kula da kuskure da rubuta rahoto ka fitar da shi gefe ya zama fankshin na daban, a bar wanda ke aiki kullum ƙarami.

Inda abin ya fi daɗi shi ne intafes, wato suna ɗaya da aji daban-daban ke zama ƙarƙashinsa, kowa da yadda yake yin aikin. A ce kana rubuta manhajar POS, kana da intafes Biya, ƙarƙashinsa Kati da Tiransfa da Kash. A lokacin da javac ke harhaɗawa ba wanda ya san wanne zai zo, amma a lokacin gudu injin na kallo, in Kati kaɗai yake gani a wurin sai ya yi kasada ya cusa kod ɗin Kati tare da ɗan bincike a gaba. Iri biyu ma yana iyawa. Daga uku kuwa yawanci ya haƙura, sai dai in ɗaya ya rinjaye sauran ƙwarai. Ranar da wani iri ya faɗo wanda bai zata ba sai ya watsar da abin da ya harhaɗa ya koma baya ya sake, shi ne made not entrant da za ka gani a fayil ɗin, kar ya tsorata ka in ba maimaituwa yake ta yi ba. Dabarar tsohuwa ce, tun aikin su Urs Hölzle da David Ungar kan yaren kwamfuta mai suna Self a 1991. To madauki mai zafi, yi ƙoƙari kar ka cakuɗa masa iri barkatai, in zai yiwu ka ware su kowa da nasa zagayen.

Akwai abu ɗaya da javac ke cusawa tun kafin gudu kuma yana cizon mutane: static final int CAJI = 100. Lambar kanta yake kwafewa cikin duk ajin da ya taɓa ta. Ka mayar da ita 150 ka harhaɗa fayil ɗin kaɗai, sauran na nan suna cajin 100 abinsu ba ƙorafi ba komai. In ka taɓa irin wannan, goge tsoffin .class ka harhaɗa duka daga farko, mai Maven ya buga mvn clean package.