Yadda ake ɗinka bargon ƙyallaye da keken ƙafa

Toh masu keken ƙafa a ɗaki, Butterfly ne ko tsohon Singer na gado, kar sanyin Disamba ya same ki da ƙyallaye jibge a buhu. In ma ba ki da su ki leƙa wajen teloli a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a Bauchi bayan sallah, ragowar atamfa da shadda za ki gansu tuli, wani ya ba ki kyauta wani ki ɗan ba shi na goro.

Ki ware masu nauyi ɗaya, atamfa da atamfa. Leshi da yadi mai santsi ki aje su gefe, wahala kawai za su ba ki. Ki wanke tukuna don wata atamfar tana zuba, sannan ki goge. Sai ki yanki kwali mai kusurwa huɗu, inci 5 kowane gefe, da shi za ki riƙa zanawa da alli kina yankawa. Bakin ɗinki kwatan inci ya isa, ki manna salatif a farantin keken daidai wajen ya zame miki layi, in ba haka ba kusurwoyin ba za su taɓa haɗuwa ba. Ki haɗa su bibbiyu fuska da fuska, ki yi ta turawa ba sai kin tsinke zare ba, daga nan su zama jeri. Wajen guga jeri ɗaya ki kwantar da bakin dama, na biye hagu, don kar mahaɗar ta yi tudu ta karya miki allura.

Wannan duk mai sauƙi ne wallahi. Aikin yana wajen da hawa uku za su shiga ƙarƙashin allura, wato fuskar da kika haɗa, tsohon bargo mara kauri a tsakiya, sai zanin gado a baya wanda ya ɗan fi su girma ta ko'ina. Soso mai kauri ni dai ban ba da shawara ba, keken ba ya jan shi da kyau kuma in an wanke ya daɗe bai bushe ba. Ki shimfiɗa su a ƙasa ki miƙe su sosai, ki bi da allurar hannu kina manyan ɗinki, tazarar tafin hannu tsakanin layi da layi. Nan ne mutane ke ganda, kuma duk wadda ta tsallake shi sai ta juya bargon ta ga baya duk ya tattare.

Kafin ki hau ki ɗiga man keke, ki share ƙurar da ke haƙoran nan masu jan yadi a ƙarƙashin allura, da iskan hunturun nan na Bauchi ba ta da wuyar taruwa. Sa allura lamba 16, ki ƙara tsawon ɗinki, ki ɗan sassauta sukurun saman nan mai danne yadi. In bel yana zamewa ki rage shi kaɗan ki mayar da wayarsa. Ki juyo wilin wajenki da hannu kafin ƙafa ta karɓa, in ya koma baya zare ne zai tsinke ko ya cukurkuɗe a ƙoshiya.

Daga tsakiya ake farawa a nufi baki, kullum. Ki naɗe ɓangaren dama kamar tabarma ya shige ƙarƙashin hannun keken, na hagu kuma ki ɗora a tebur ko kujera don nauyinsa kar ya riƙa janye ɗinkin. Ƙafa a hankali, kuma kar ki ja, haƙora ne ke tafiyar da shi ke dai ki shafe masa hanya da hannu biyu. Daɗin abin ba ruwanki da NEPA.

In kin gama ki zare manyan ɗinkin nan na hannu, ki daidaita gefe da almakashi, sai ki lanƙwaso rarar zanin bayan sau biyu ta rufe bakin ki bi ta da keke.