Yadda Ma'aurata Za Su Riƙe Aurensu Idan Amosanin Gaɓɓai Ya Kama Hannun Ɗayansu

Amosanin gaɓɓai yakan fara ne da ƙananan abubuwa. Murfin kwalba ya gagara buɗuwa, maɓallin riga ya ƙi shiga, zoben da ya daɗe a yatsa ya soma matsewa. Sau da yawa kafin a je asibiti an riga an samu saɓani a gida, domin mai lafiya yana ɗaukar abin lalaci ne ko shagwaɓa, mai ciwon kuma yana ganin ba a damu da shi ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2019 sun nuna mutum miliyan 528 ne ke fama da nau'in da zaizayewar guringuntsi ke haddasawa, miliyan 18 kuma na da nau'in da garkuwar jiki ke jawowa, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na waɗannan na biyun mata ne. Ke nan a gidaje da yawa uwargida ce ciwon ke kamawa, lokacin da hannunta ya fi yawan aiki.

Soyayya kaɗai ba ta isa ta ɗauki wannan nauyi ba, sai an haɗa mata da tsari. Ga yadda ake yinsa.

Mataki na farko: ku san wane iri ne

Ku yi mako biyu kuna rubuta abu uku kowace safiya: gaɓar da ke ciwo, ko akwai kumburi, da tsawon lokacin da yatsu ke ɗauka kafin su saki bayan tashi daga barci. Wannan na ƙarshen shi ne mafi amfani ga likita.

Idan sagewar ba ta kai minti 30 ba, ciwon kuma yana ƙaruwa da aiki yana lafawa da hutu, an fi kyautata zaton zaizayewar guringuntsi ce, wato abin nan mai santsi da ke lulluɓe kan ƙashi ya suɗe. Ta fi kama gwiwa, ƙugu, gindin babban yatsa da gaɓoɓin da ke kusa da farce, kuma ta fi yawa bayan shekara 50. Idan kuwa sagewar tana kai awa ɗaya ko fiye, hannu biyun sun kumbura a wuri iri ɗaya, musamman wuyan hannu da gindin yatsu, ga kasala mai nauyi, to ana zargin garkuwar jiki ce ta juyo tana yaƙar gaɓɓai. Akwai na uku da ya fi kama maza, wanda sinadarin yurik asid ke taruwa a gaɓa: yakan taso cikin dare, galibi a babban yatsan ƙafa, da zafin da ko mayafi ba a son ya taɓa wurin.

Nau'in garkuwar jiki ba ya jira. Ɓarnar da yake yi wa gaɓa ba ta gyaruwa, kuma maganin da aka fara a watannin farko ya fi hana yatsu karkacewa. Kumburin da ya wuce mako shida, a nemi ƙwararren likitan gaɓɓai. Zai sa a yi gwajin jini, ciki har da RF da anti-CCP da ESR ko CRP, da hoton ƙashi. Ku je tare. Wanda ya ji bayani daga bakin likita da kunnensa ba ya sake cewa "ai jiya lafiyarki lau".

Abu ɗaya ne ba a kwana da shi: gaɓa ɗaya ta kumbura, ta yi ja, ta yi zafi, ga zazzaɓi. Mai yiwuwa ƙwayar cuta ce ta shiga cikinta, kuma tana iya lalata ta cikin 'yan kwanaki.

Mataki na biyu: magani aikin mutum biyu ne

Maganin da aka fi farawa da shi a nau'in garkuwar jiki shi ne methotrexate. Sau ɗaya ake shansa a mako. A mako, ba kullum ba. Shansa kullum bisa kuskure ya kashe mutane, don haka ku zaɓi rana guda, ku rubuta ta a jikin kwalin da manyan baƙaƙe, ku ajiye shi daban da sauran magunguna. Ana haɗa shi da folic acid a wata rana ta daban domin rage illa. Yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin a ga amfaninsa, kuma a wannan tsakanin ne mutane da yawa ke yanke ƙauna su daina. Aikin abokin zama a nan shi ne tunatarwa da ƙarfafa gwiwa, da kuma riƙe ranakun gwajin jini na duba hanta da ƙwayoyin jini. Kada a haɗa shi da co-trimoxazole, wanda aka fi sani da Septrin, domin haɗin yana iya durƙusar da ɓargo. Gyambo a baki, tari da sarƙewar numfashi, ko zazzaɓi, duk dalili ne na tuntuɓar likita a ranar.

Masu rage zafi irin su ibuprofen da diclofenac suna taimakawa, amma ba a haɗa biyu lokaci guda, ba a sha da yunwa, kuma yawansu yana jawo gyambon ciki da matsalar ƙoda. Prednisolone kuwa yana kwantar da kumburi da sauri har mutum ya ɗauka ya warke, sai dai daɗewa a kansa yana ɗaga sukari da hawan jini, yana raunana ƙashi, kuma ba a yanke shi farat ɗaya.

'Yan'uwa da abokai za su yi ta kawo haɗe-haɗe, kowa da nasa. An sha gano irin su prednisolone a ɓoye cikin wasu haɗin da ake tallatawa da sunan na gargajiya. Ku yi baki ɗaya a kan amsa: "Mun gode ƙwarai, za mu nuna wa likita tukuna." Zai fi kyau kowa ya tari nasa dangin, don kada a ce suruka ce ta raina kyauta.

Mataki na uku: wankin hannu, na ku duka

Mutane kan yi mamakin abin da ya haɗa wankin hannu da ciwon gaɓɓai. Abu biyu ne. Magungunan da ke danne garkuwar jiki, irin su methotrexate da prednisolone, suna sa murar da mai lafiya zai yi kwana uku da ita ta kwantar da mai ciwon. Sannan hannun da ke ciwo ba ya son cuɗawa, sai mutum ya riƙa tsoma shi a ruwa kawai ya ce ya wanke. An kiyasta cewa wanki da sabulu yana hana kusan kashi ɗaya cikin uku na cututtukan gudawa da kusan ɗaya cikin biyar na cututtukan numfashi. Kuma mai fita waje ya dawo, ko mai ɗaukar yara, shi ya fi shigo da ƙwayoyin cutar, saboda haka dokar ta hau kan kowa a gidan.

A jiƙa hannu da ruwa mai gudana, ko daga famfo ko wani ya zuba. Wanki a cikin ruwan da ke tsaye a roba mayar da datti ne kawai. A shafa sabulu har ya yi kumfa, a cuɗa aƙalla daƙiƙa 20: tafi da tafi, bayan kowane hannu, tsakanin yatsu, babban yatsa shi kaɗai, kan yatsu da ƙarƙashin farce, sannan wuyan hannu. Babban yatsa da kan yatsu su aka fi mantawa, alhali su suka fi taɓa abubuwa. A ɗauraye sosai, a busar da tawul mai tsabta, domin jiƙaƙƙen hannu ya fi ɗaukar ƙwayoyin cuta da rarraba su.

Ga mai ciwon, ga gyare-gyaren da ke sauƙaƙa abin. A yi amfani da ruwa mai ɗumi. Ɗumin ba ya ƙara kashe ƙwayoyin cuta, amma yana sakin yatsu, kuma wanda ba ya jin zafi ya fi cika daƙiƙa 20 ɗin. Ruwa mai zafi sosai kuwa busar da fata yake yi. Sabulun dunƙule yana suɓucewa, riƙe shi kuma yana buƙatar matsi, don haka na ruwa mai abin dannawa ya fi, a danna da gindin tafi ko da damtse. Idan na dunƙulen ne kaɗai ke akwai, a sa shi cikin raga a rataye kusa da wurin wanki. Famfon murɗawa a canza shi da mai dogon hannu da ake turawa. Idan sarƙa yatsu yana da zafi, a wanke tsakaninsu ɗaya bayan ɗaya da gefen yatsan ɗaya hannun. A rage farce, a goge ƙarƙashinsa da burushi mai laushi.

Yatsun da suka lanƙwashe suna ɓoye danshi a lungunansu, fatar wurin ta yi laushi ta tsage, tsagar kuma ƙofa ce ga ƙwayar cuta. A dinga dannawa da tawul a hankali har lungun ya bushe, sannan a shafa man da ba shi da turare. Mai sa ɗaurin wuyan hannu ya cire shi kafin wanki, shi ma ɗaurin a riƙa wanke shi. Zobe a cire shi tun kumburi bai kai ga sai an yanke shi ba. A rataya shi a sarƙar wuya idan yana da daraja a zuciya.

Ranar da ciwon ya tashi sosai, abokin zama zai iya yin wankin. Ya fara wanke nasa. Ya tallafi wuyan hannun daga ƙasa da tafinsa, ya shafa kumfa da ɗaya hannun, kada ya ja yatsa, kada ya yi ƙoƙarin miƙar da wanda ya lanƙwashe. A tambaya tukuna: "In wanke miki, ko za ki iya?" Babba ba ya son a mayar da shi yaro ba da izininsa ba.

Sinadarin tsabtace hannu yana amfani idan ba ruwa, muddin barasar da ke cikinsa ta kai kashi 60 cikin 100, a kuma shafa har ya bushe da kansa. Ba ya aiki a hannun da ke da maiƙo ko datti a bayyane, kuma yana raɗaɗi a tsagaggiyar fata. Lokutan wanki sanannu ne: bayan bayan gida, bayan tsarkin yaro, kafin girki da cin abinci, bayan atishawa ko fyace hanci, bayan taɓa dabba ko shara, da kafin taɓa rauni ko yin allura.

Mataki na huɗu: ku sake raba aikin gida

Kuskure biyu ake yi. Ko a bar wa mai ciwon komai kamar da, ko a ƙwace masa komai. Na biyun ma cutarwa ne, domin gaɓar da ba ta motsi ƙara sagewa take yi, tsoka ta saki, mutum kuma ya ji ba shi da amfani a gidansa. A ɗauke masa aikin matsi da murɗawa, irin su matse wanki, buɗe kwalba da ɗaga tukunya cike. Sauran a bar masa, a sauƙaƙa: a naɗe mariƙin cokali da wuƙa da soso ko ƙyalle don ya yi kauri, a ɗauki kaya da hannu biyu, jaka a rataya a damtse maimakon yatsu. Ma'aunin da masu gashin ƙashi ke bayarwa shi ne, idan ciwo ya wuce awa biyu bayan an gama aiki, an yi yawa, gobe a rage.

Ɗumi na minti 15 zuwa 20 yana sakin sagewar safe. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi kuwa sanyi take so, ƙanƙara a naɗe cikin tawul, minti 10 zuwa 15. Ku riƙa tattaki tare, domin ga mai ciwon gwiwa kowane kilo ɗaya da ya rage yana sauke wa gwiwar nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Mai shan taba ya daina: tana ƙara tsananin nau'in garkuwar jiki, tana kuma rage aikin magani.

Mataki na biyar: magana, kuɗi da shimfiɗa

Ciwon yana hawa yana sauka, shi ya sa yake jawo zargi. Ku ɗauki ma'auni daga 0 zuwa 10. Da safe a ce, "Maigida, yau ina kan bakwai," shi ke nan an san ba ranar baƙi ko wanki ba ce, ba sai an yi dogon bayani ba. Sau ɗaya a mako ku zauna minti 15 ba waya, ba yara, kowa ya faɗi abin da ya yi masa nauyi. Mai jinya ma yana da haƙƙin cewa ya gaji, kuma gara ya faɗa da baki da ya nuna a fuska. Kuɗin magani da gwaji a ware su tun farkon wata tare da na abinci, domin yanke magani a tsakiya shi ke tayar da ciwon, a ƙarshe a kashe fiye da abin da aka yi tattali.

Batun shimfiɗa shi aka fi yin shiru a kansa. Mai ciwon yana janyewa don tsoron zafi, ɗayan yana fassara shi da ƙiyayya. A zaɓi lokacin da jiki ya fi saki, wanda ga masu sagewar safe yamma ce ko farkon dare. Wanka da ruwan ɗumi, shan maganin rage zafin da likita ya rubuta kamar rabin awa kafin nan, matashi a ƙarƙashin gwiwa, da kwanciya ta gefe don kada nauyi ya hau wuyan hannu, duk suna taimakawa. Wasu matan suna samun bushewar gaba tare da bushewar ido da baki, kuma man shafawa mai asalin ruwa yana rage bushewar gaban.

Idan kuna son haihuwa, ku sanar da likita tun watanni kafin ku fara nema. Methotrexate yana jawo ɓari da nakasa ga ɗan tayi, don haka dole mace ta daina shi a kan lokaci, a sauya mata da wanda ya dace da juna biyu, kuma ta ci gaba da tsarin iyali har sai likita ya ce lokaci ya yi. Idan ciki ya shiga ba shiri, kada a sha na makon, a je asibiti a ranar da aka gane.