Yadda Marubuci Zai Gina Tsohon Soja Mai Taurin Rai a Labarinsa

Marubutanmu na ƙagaggun labarai suna son saka tsohon soja a cikin littafi, kuma kusan kullum kama ɗaya suke ba shi: ƙato mai jan ido da gashin baki, wanda ba ya magana sai da tsawa, yaran unguwa kuma su watse da zarar sun hango shi. Irin wannan mutum ba ya daɗewa a zuciyar mai karatu, domin daga wani littafin aka kwafo shi. Marubucin da ke zaune a Katsina ko Daura ba shi da uzurin yin haka, tunda mazan jiya suna nan a zaurukanmu da sahun gaba na masallatanmu.

Abin da za ka fara yi shi ne ka zaɓar masa yaƙinsa, sannan ka yi lissafin shekarunsa da alƙalami. Wanda ya je Yaƙin Bama a 1944 yana ɗan shekara 20 ya haura ɗari a yau, saboda haka in shi kake so, dole ka mayar da labarin baya, zuwa zamanin En'e ko farkon samun 'yancin kai. Wanda ya shiga soja a 1967 ya doshi tamanin, wanda kuwa ya je Laberiya a 1990 ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, har yanzu da sauran ƙarfinsa, yana iya noma gonarsa da kansa. Na sha karanta labarin da aka ce tsoho ya yi yaƙin Hitila, alhali yana ta danna wayar salula yana kokawa da samari, kuma daga wannan shafin na daina yarda da marubucin.

Kowane yaƙi yana barin nasa irin tabon. Sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 sun tsallaka teku a jirgin ruwa zuwa Indiya, suka yi yaƙi da Japanawa a dazuzzukan Kaladan da Arakan, inda da yawansu suka riƙa ɗaukar kayan yaƙi a ka cikin ruwan sama da taɓo, abinci kuma jirgin sama ke jefo musu. Ka yi tunanin ɗan ƙauyen Mani ko Zango, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi na gulbi ba, a ce ya yi makonni a kan teku. Har yau sunayen barikokinmu suna ɗauke da wannan tarihi, domin Arakan da Dodan a Legas, da Dalet a Kaduna, da Chindit a Zariya, duk daga yaƙin Bama suka samo asali, ko da yake mutane da dama sun ɗauka Dodan daga kalmar dodo ce. Yaƙin basasa kuwa, wanda aka fara a Yulin 1967 aka gama ranar 15 ga Janairun 1970, ya kumbura rundunar Najeriya daga kimanin mutum 10,000 zuwa wajen 250,000, ma'ana an kwashi samari an yi musu horon gaggawa an tura su daga. Idan tsohonka yana cikin Runduna ta Biyu da ta yi yunƙurin ƙetare Kwara daga Asaba zuwa Anaca a Oktoban 1967, inda sojoji da yawa suka nutse, to ka riga ka sami dalilin da zai sa ya ƙi shiga kwalekwale har ya mutu.

Daga nan sai muƙami. Ƙasar Katsina ta fitar da manyan hafsoshi irin su Hassan Usman Katsina da Shehu Musa 'Yar'aduwa da Muhammadu Buhari na Daura, shi ya sa alƙalami ke saurin ba tsohon soja muƙamin janar. A ganina kofur ko saje ko samanja ya fi daɗin rubutawa, domin shi ne ya shiga a kurtu, ya sha rana a filin fareti, ya kwana a gadurum, ya sami igiyarsa ɗaya bayan ɗaya, kuma shi ne ya tona kabarin abokinsa da hannunsa.

Sai babban aikin, wato zama da su. Ka je da goronka, ka cire takalmi, ka durƙusa ka gaisa, kuma kada ka fito da takarda a zuwan farko. Akwai wani dattijo a unguwarmu, ta wajen Ƙofar Marusa, wanda ya yi yaƙin basasa, daga baya ya yi shekaru yana gadin wani shago. Ranar da na fara zuwa wurinsa na yi wautar tambayarsa ko ya taɓa kashe mutum. Ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya ce, “Ɗan nan, gidan wa kake?” Da na faɗa masa, sai ya ce in gaida mahaifina, ya jawo rediyonsa ya kunna. Sai da na yi wata biyu ina zuwa muna hirar damina da tsadar taki kafin ya ambaci daji da bakinsa, kuma abin da ya fara ba ni labari shi ne yadda ƙafafunsu suka ruɓe a cikin takalmi saboda ruwa, da yadda ya koyi cin garin rogo.

Abin da na samu a wurinsa ido ne ya ba ni. Kullum bayansa na jingine da bango, fuskarsa na kallon ƙofa. Takalminsa na roba ne, amma yana goge shi kowace safiya, ya ajiye ƙafa biyun a jere kamar za a zo dubawa. Ya manta shekarar da aka haifi babban ɗansa, lambarsa ta soja kuwa yana karanto ta ba gargada. Ranar hawan sallah, da 'yan bindigar Sarki suka fara ɓarin wuta ta wajen Ƙofar Soro, bai zabura ba, sai dai na ga kofin shayin da ke hannunsa ya tsaya a tsakanin tabarma da bakinsa har ƙarar ta lafa. Irin waɗannan abubuwa za ka zuba a labarinka a maimakon ka rubuta cewa jarumi ne marar tsoro. Kirari ya dace da barden doki irin su Ɗanwaire, wanda maroƙa ke wasa shi a bainar jama'a; sojan bariki lamba aka ba shi, kuma mafi yawansu ba sa son a yi ta zuzuta su.

Ka kula da harshensa. A zamanin Turawa Hausa ce harshen da sojan Najeriya ke aiki da shi, kuma cuɗanyar ƙabilu a bariki ta haifar da barikanci, saboda haka tsohonka zai iya jefa kalma ɗaya ko biyu ta bariki in ransa ya ɓaci. Kada ka cika masa baki da su har ya koma abin dariya. Batun layu da maganin bindiga ma haka: bar shi ya yi imani da su ko ya yi shakkarsu, kai kuma kada ka yanke hukunci.

Kada kuma ka tsaya a filin daga, domin rabin taurin ransa bayan sallama ya same shi. Ka nuna shi a mota zai je tantancewar fansho, takardunsa a naɗe cikin leda, ko ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, ya ciro lambobinsa na yabo daga ƙasan adaka ya maƙala a riga. Ka tambayi matarsa in an yi maka izini, domin ita ta san daren da yake tashi a firgice, ta kuma san cewa mutumin da samari ke shakka shi ne ke tauna wa jikarsa rake.

Idan ka zo rubutawa, ka haɗa mutum uku ko huɗu su zama ɗaya, ka sauya suna da unguwa da bataliya, yadda babu wanda zai karanta ya nuna gidan wani. Abin da dattijo ya faɗa maka ya ce amana ce, ka bar shi a zauren da ka ji shi, ka nemi izininsa a kan sauran tun kafin ka kai wa mai ɗab'i.