Yadda na gyara matsalar sauti a kwamfutata bayan sauya faifan ajiya

Ina koyar da yara a wani ƙauye kusa da Ringim, kuma da kwamfutar tafi-da-gidanka nake kunna musu karatun Alƙur'ani suna bi. A makon jiya na cire tsohon faifan ajiyarta, na sanya sabon faifai mai sauri da ake kira SSD, mai 256GB, da na sayo a titin Beirut da ke Kano. Kwamfutar ta yi sauri matuƙa, sai dai ma'aunin sauti yakan sauka da kansa har sifili ya tsaya cak, ko na ja shi sama sai ya koma. Abin ya dame ni ƙwarai, domin yara na jiran karatu.

Da farko na zargi manhaja, na sake sanya direban sauti na Realtek, wato manhajar da ke sarrafa sautin kwamfutar, amma babu abin da ya canja. Abin da ya ba ni haske shi ne alamar rage sauti da ta ƙi ɓacewa daga fuskar kwamfutar, tamkar akwai yatsa a kan maɓallin.

Sai na kashe ta, na cire batir, na ɗaga allon madannai a hankali. Ashe siririyar wayar nan mai faɗi kamar leda, wadda ke haɗa madannai da uwar allo (babban allon kayan lantarki da ke cikin kwamfutar), ta shiga mazauninta a karkace lokacin da na mayar da ita bayan sauya faifan, ga ƙurar hunturu a bakinta. Na ɗaga ɗan murfin da ke danne ta, na goge da busasshen ƙyalle, na zura ta daidai, na rufe. Da na kunna, sautin ya tsaya inda na ajiye shi.