Yadda Za Ka Gane Ko Kayan Lambun Filayen Kuza Zai Ba Ka Riba a Yankaba

Wani kaso na kabeji da karas da koren tattasai da ake saukewa a kasuwar Yankaba ta Kano daga Filato yake zuwa. Wasu ma a filayen da aka haƙi kuza tun farkon ƙarni na 20 ake noma su, a kewayen Bukuru da Barikin Ladi, inda ramukan da aka bari suka zama tafkuna, manoma suka kafa injin ban-ruwa a bakinsu. In kana son sa kuɗinka a wannan harka, ko ta sari ko ta haɗa gwiwa da manomi, ga yadda za ka yi lissafi.

Fara da lokaci, don nan ne ribar take. Daga Janairu zuwa Maris kayan Kadawa da Kura sun cika Kano, tumatir a kasuwar Kwanar Gafan har ya rasa mai saye. Wanda ya ɗauko kaya daga Jos a wannan lokacin yana gasa ne da manomin da ke bakin ƙofa, kuma kuɗin mota kaɗai zai cinye shi. Amma da zafin bazara ya shigo, lambunan Kano suka ƙare, sanyin Filato na barin kabeji da karas su ci gaba da yi har cikin damina. Wannan giɓin za ka nema. Duba kuma inda azumi ya faɗo a bana, domin latas da kokwamba da kabeji suna tafiya sosai lokacin buɗa baki, kuma watan yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara.

Sai ka sayi littafi. Kowane mako ka rubuta farashin buhu ko kwando a Yankaba, ka kira wanda ka amince da shi a kasuwar Farin Gada ta Jos ya faɗa maka na can. Kada ka dogara da bakin dillali ɗaya.

Sannan ka dubi ƙasar kanta. Wadda aka tone aka juya ba ta da ƙarfi, tana shan taki fiye da fadama, shi ya sa manoman can ke haɗawa da kashin kaji da tokar shara. Tambayi manomin abin da ya kashe a taki da man inji da iri da magani. In ya ce bai rubuta ba, ku zauna ku lissafa tare.

Ƙara kuɗin lodi, mota, 'yan dako, la'ada da harajin hanya. Abin da ya fi muhimmanci, raba jimillar a kan kayan da suka iso lafiya kawai. Misali, in ka lodo kwando 10 na tumatir, 2 suka ruɓe, kuɗin 10 ne zai hau kan 8. Kabeji da karas sun fi tumatir da latas jure hanya, don haka sabon shiga ya fara da su.

Abu na ƙarshe ba na sassauci a kansa: a kai ƙasar da ruwan tafkin zuwa ɗakin gwaji na jami'a a duba dalma da sauran ƙarafa masu guba. Gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Kuza daban, zinariya daban, amma latas ɗanye ake ci, kuma 'ya'yan mutane ne za su ci. Sa kuɗin gwajin cikin lissafinka tun kafin ka ba da kafin alƙalami.