Yadda mai na'ura ko ƙarfe a jiki zai wuce bincike a gidan gyaran hali

Ana yawan tambaya: mai na'urar daidaita bugun zuciya, ko ƙarfe a ƙugu, ko mai ciwon suga, yaya zai yi a bakin ƙofa ranar ziyara?

1. Karɓi takardar likita mai hatimin asibiti, wadda ta faɗi abin da ke jikinka da inda yake.

2. Kwana 2 kafin ziyarar, tambayi jami'in walwala na gidan abin da ake bari a shiga da shi. Kowane gida da tsarinsa.

3. Bar magani a kwalinsa. Ƙwayoyin da aka ƙulle a leda sai su jawo maka zargi a banza.

4. Mai suga ya ci abinci kafin ya fito, layi kan yi tsawo.

5. Miƙa takardar tun kafin a fara lalube ka.

6. Wuce ƙofar gano ƙarfe da tafiyarka ta kullum, ba tsayawa, ba jingina.

Hattara, a nan aka fi kuskure: sandar binciken hannu tana iya rikita na'urar zuciya idan aka tsayar da ita a kan ƙirji. A wuce da ita cikin daƙiƙa 1 ko 2. Mafi alheri ma, ka ce: "Ranka ya daɗe, a lalube ni da hannu."

7. Mai famfon insulin (ƙaramar na'urar da ke zuba maganin ciwon suga a jiki) ya hana a saka famfon cikin injin hoton kaya.

8. Idan sai an ɗaga riga, nemi keɓantaccen ɗaki. Mace ta nemi jami'a mace.

9. Allurar da aka hana shiga da ita, ajiye ta wurin jami'an ƙofa a inuwa, zafi yana lalata insulin.