Ciwon bayan gwiwa: duba ƙafar tukuna kafin a kai ga tausa

Mu dai a wajenmu da zarar mutum ya ce bayan gwiwarsa na ciwo, sai ka ji an ce sanyi ne, a ɗauko man zafi a murza. Wani lokacin a dace, wani lokacin kuma wallahi murzawar nan ita ce babban ganganci. Shi ya sa nake so ka fara da dubawa.

Ka zauna ka miƙe ƙafafunka biyu, ka naɗe wando zuwa cinya, ka kwatanta su. Idan ɗaya ta fi ɗaya kumburi, musamman sharaɓa, ka taɓa ka ji ta fi ɗumi, tana ciwo ko ba ka motsa ba, to dan Allah kar kowa ya tausa maka. Wannan na iya zama jini ne ya daskare a cikin jijiya, abin da likitoci ke kira DVT, kuma gudan jinin zai iya ɓallewa ya tafi huhu. Ya fi samun wanda ya yi doguwar tafiya a zaune, irin Kano zuwa Legas a mota ko jirgin aikin Hajji, da mai ciki, da mai jego, da wanda aka yi wa tiyata ya daɗe a kwance, da wasu masu shan ƙwayar tsarin iyali. Asibiti za ka nufa a ranar, a yi sikanin ɗin jijiyoyin ƙafar. In kuma numfashi ya fara yin sama-sama ko ƙirji ya ɗauki ciwo, ko tsakar dare ne a fita da kai.

To in babu wannan, sai ka tashi tsaye ka miƙe gwiwar sosai ka shafa bayanta. Ka ji wani ƙullutu kamar ƙaramin ƙwai, yana tauri in ka miƙe, yana laushi in ka lanƙwasa? Galibi ruwan gwiwa ne ya yi yawa ya taru a baya, sunansa Baker's cyst, sunan wani likitan Ingila ne William Baker da ya yi bayaninsa a 1877. Gwaggona ta yi fama da shi, zaman tahiya ya gagare ta, sai ta miƙe ƙafar gefe tana cije leɓe, har aka ce a kira wanzami ya yi mata tsaga ya sa ƙaho. Allah Ya taimaka ba a yi ba, domin babbar jijiyar da ke kai jini ƙafa ta nan wajen take bi. Shi ƙullutun alama ce kawai, asalin matsalar tana cikin gwiwar, ko amosanin gaɓɓai ko guringuntsi ya yage, shi ya sa ko an zuƙe ruwan da sirinji yakan dawo in ba a kula da tushen ba. Amma fa in ka ɗora yatsa ka ji ƙullutun yana bugawa kamar zuciya, wannan maganar jijiyar jini ce, kai shi wajen likita.

Sai ka tuna yadda ciwon ya fara. In a filin ƙwallo ne ka zabura da gudu ka ji abu ya tsinke maka a bayan cinya ko saman sharaɓa, tsoka ce ta ja. In gwiwar tana maƙalewa ko tana ƙas-ƙas lokacin tsugunno, a zargi guringuntsi. Wanda ya faɗo daga mashin gwiwarsa a lanƙwashe, yana jin ƙafar tana kuɓuce masa wajen sauka daga bene, shi sai an duba shi a asibitin ƙashi, ɗori a gida ba zai gano abin da ya tsinke a ciki ba.

Na tsoka da ɗan targaɗe kana iya fara kula da shi a gida. Hutar da ƙafar kwana 2 zuwa 3, nemi ruwan leda da ya ƙanƙare ka naɗe a tawul ka ɗora minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a yini, kar ka ɗora ƙanƙarar kai tsaye a fata. In za ka kwanta sa filo a ƙarƙashin ƙafar ta ɗan yi sama. Farasitamol ya isa a farko. Su ibuprofen da diclofenac da ake saya a kemis kamar gyaɗa, mai olsa ko ciwon ƙoda ko mai ciki ya bar su sai likita ya ce. Sallah kuma yi a zaune kan kujera, addini ya ba da wannan sauƙin.

Da ciwo ya lafa sai ka fara miƙe ƙafar a hankali kana tattaki kaɗan-kaɗan, don dogon kwanciya ma yana sandarar da gwiwa. In an yi sati 2 babu sauƙi, ko zazzaɓi ya shigo gwiwar ta yi zafi rau, ko ka kasa taka ƙafar, je a duba ka, kuma ka tafi da kwalayen duk magungunan da ka sha likita ya gani.